Yadda za ka gane kifin da ka samu a dutsen Achanarras

Malam, ka ce ka tsinci falalen dutse mai ɗauke da baƙin burbushin kifi a tsohuwar mahaƙar Achanarras da ke Caithness, arewacin Sukotilan, kuma kana son sanin ko wane iri ne. Dutsen wurin tsohuwar lakar tafki ce ta zamanin Devonian, kimanin shekara miliyan 385 da suka wuce, kuma an daɗe da nazarin kifayensa, don haka akwai kyakkyawan fata.

Ka fara da duba jikin ta gilashin ƙara girma. Idan gaban kifin sulke ne na faifan ƙashi, tare da wasu hannuwa biyu masu gaɓa, to Pterichthyodes ne. Idan sulken ya tsaya a kai da kafaɗa, da ƙananan ƙuraje a kansa, ka fi zaton Coccosteus. Ɓawo mai kusurwa huɗu da sheƙi yana nuni ga Osteolepis, ƙaya guda a gaban kowane fiffike kuwa alamar dangin Cheiracanthus ce. Dipterus ya fi ruɗarwa idan kan ya ɓata, sai dai fikafikansa biyu na gadon baya suna can kusa da wutsiya.

Don Allah kada ka kankare shi da ƙarfe ko ka shafa masa man sheƙi, domin hakan yana shafe alamomin da masana ke dubawa. Ka adana ɓari biyun dutsen tare, ka rubuta inda ka same shi, ka ɗauki hoto da rula a gefe. Idan guntun ƙashi ne kawai, ka aika hoton ga masana burbushin halittu na National Museums Scotland, wato hukumar gidajen tarihi ta ƙasar Sukotilan, da ke Edinbara.