Yadda Za Ka Tari Kariyar Sisiliya

Ɗana, jiya da muka naɗe allo ka tambaye ni, ka ce: "Malam, duk sa'ad da na buɗe wasan ces da dakaren sarki zuwa e4, sai abokin karawata ya amsa da c5, kuma tun kafin taku na ashirin sai in ga sarkina a fili. Shin in bar e4 ɗin ne ɗungurungum, ko kuwa akwai wani jerin taku da zan haddace?" Ban amsa maka nan take ba domin magariba ta gabato, kuma tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye. Shawarata ita ce kada ka bar e4, kada kuma ka ƙara wa kanka hadda. Takunka na biyu kawai za ka sauya, ka riƙa tura dakare zuwa c3, wato gida na uku a layin c na allon, sannan ka zauna ka koyi irin zaman allon da wannan takun yake haifarwa.

Amma kafin nan sai ka san abin da mai baƙi yake nema da c5 ɗin nan nasa, domin na lura kana ɗaukarsa kamar wani tsafi. Wannan kariya ta amsa e4 da c5, da ake kira Sisiliya, tsohuwa ce, 'yan Italiya sun rubuta ta tun ƙarshen ƙarni na 16, kuma sunanta ya fito ne daga tsibirin Sisili. Dabararta guda ɗaya ce. Mai fari yana son ya kafa dakaru biyu a tsakiya, ɗaya a e4 ɗaya a d4, shi kuwa mai baƙi ya tsare gidan d4 daga gefe. Idan ka fito da doki f3, ka tura d4, ya ci, ka rama da doki, to ka ba da dakaren tsakiya ka karɓi na gefe. Shi ya rage da dakaru biyu na tsakiya kai kana da ɗaya, kuma layin c ya buɗe wa hasumiyarsa. Abin da ka samu a madadin haka shi ne fili da saurin fito da kaya, kuma waɗannan biyun ba sa jiran mutum, in ba a yi amfani da su da wuri ba sai su zube, alhali dakarensa na tsakiya yana nan daram har ƙarshen wasa.

Wasanka na ranar Asabar ya nuna wannan ƙarara, ina tsaye a bayanka na gani. Yaron nan ya yi maka tsarin da ake kira Dragon, ya tura g6 ya kwantar da giwarsa a g7. Ka jera takunka tiryan-tiryan kamar mai karanta allo: giwa e3, dakare f3, sarauniya d2, giwa c4, ka kai sarki mafaka ta ɓangaren sarauniya. Har nan babu kuskure. Daga nan haddar ta ƙare, sai na ga hannunka ya tsaya a sama kana lalube. Ka kai giwa h6 domin ku yi musaya, ya ci, ka rama da sarauniya, ita kuwa da ta je h6 ta bar dokinka na c3 ba mai tsaronsa sai dakaren b2. Ko numfashi bai ja ba ya ba da hasumiyarsa ya ci dokin, ka rama da dakare, gidan sarkinka ya tsage, sarauniyarsa ta sauka a5. Kai kana murna ka ci hasumiya a madadin doki, shi kuwa ya san wannan sadaukarwar tun ranar da ya fara koyon tsarin, domin ita ce abincin yau da gobe na masu Dragon. Ba fin ka basira ya yi ba. Ka shiga gonarsa ne, ya san inda kowane kututture yake.

Haka abin yake a sauran rassan. Akwai tsarin Najdorf, mai a6 a taku na biyar, wanda ya ɗauki sunan Miguel Najdorf, ɗan Foland da ya zauna a Ajantina bayan yaƙi ya tarar da shi a can a 1939. Da shi tsofaffin zakarun duniya Bobby Fischer da Garry Kasparov suka yi ta kare kansu. Akwai tsarin Sveshnikov mai e5, wanda Magnus Carlsen ya riƙe a gasar kambun duniya ta 2018 a Landan. Akwai masu e6 iri-iri. Mai baƙi ɗaya kawai zai zaɓa ya koya, kai kuwa in ka buɗe tsakiya da d4 dole ka shirya wa dukkansu, kuma kai mutum ne mai makaranta da aikin gida, ba ka da sa'o'i shida a rana.

Takun c3 shi ake kira tsarin Alapin, da sunan Semyon Alapin, gwanin ƙasar Rasha da ya rasu a 1923. Ma'anarsa a fili take: za ka tura d4, idan ya ci sai ka rama da dakaren c3, ka wayi gari da dakaru biyu a tsakiya kafaɗa da kafaɗa, wato abin nan da c5 ya zo ya hana. Babu doki a d4 da za a kora, babu doki a c3 da za a sadaukar da hasumiya a kansa, kuma duk haddar da mutum ya kwana yana yi ta Najdorf ko Dragon ta tashi a banza tun a taku na biyu. Sai dai ba zan ɓoye maka kuɗinsa ba. Dakaren ya zauna a gidan da dokin sarauniya ya fi so, kuma takun bai fito da ko kaya ɗaya ba. Wanda ya san wasa zai kai wa e4 hari nan take, tun da babu dokin da zai tsare shi, kuma hanyoyinsa na ƙwarai biyu ne.

Ta farko ita ce d5, kuma a kanta nake so ka fi ɓata lokaci. Ka ci, ya rama da sarauniya, ka tura d4. A wani buɗin wasan, sarauniyar da ta fito da wuri haka doki ne zai kore ta daga c3, amma a nan gidan a cike yake, shi ya sa take zama a d5 hankalinta kwance. To ka riƙe wannan da kyau: duk ranar da ya ci d4 ka rama da dakaren c, gidan c3 ya buɗe, dokinka zai fito ya kori sarauniyar, ka sami taku ɗaya kyauta. Saboda haka mai baƙi mai wayo yakan jinkirta cin, kai kuma kada ka yi gaggawar tilasta masa. Ka fito da doki f3, giwa e2 ko d3, ka kai sarki mafaka ta ɓangarensa, ka tallafi d4 da giwa a e3, ka jira.

Ƙarshen jiran kusan kullum ɗaya ne: za ka rage da dakare guda a d4, babu ɗan'uwansa a layin c, babu a layin e. Mu a wurin nan maraya muke ce masa. Yara da yawa suna ganinsa sai gabansu ya faɗi, su tara kaya a bayansa suna gadi, kuma wannan ita ce hanya mafi sauri ta rasa shi. Gaskiya ne babu dakaren da zai iya tsare shi, kuma gidan da ke gabansa, wato d5, mai baƙi zai so ya dasa doki a ciki ya hana shi motsi. Amma dubi abin da marayan yake ba ka. Yana riƙe da e5 da c5, wuraren da dokinka zai zauna ba mai tayar da shi cikin sauƙi. Layin c da layin e a buɗe suke ga hasumiyoyinka. Giwayenka biyu suna da hanya. Tsarin da na fi koya wa yara shi ne doki a e5, hasumiya a e1, ɗayar a d1 a bayan marayan, giwa ta ja baya zuwa c2 sarauniya ta tsaya gabanta a d3, su biyun suna kallon h7. Da zarar ya tura g6 domin ya toshe, baƙaƙen gidajen da ke kewaye da sarkinsa sun yi rauni, giwarka ta biyu ta sami wurin shiga a h6. Ƙa'idar da za ka bi ita ce kada ka yarda da musayar kaya ba dalili, domin kowane doki da kowace giwa da suka bar allo suna rage ƙarfin harinka, su bar marayan da rauninsa. Idan aka kai ƙarshen wasa da hasumiyoyi kawai, shi zai kewaye shi ya cinye.

Babban makamin marayan kuwa shi ne ya matsa gaba zuwa d5 a daidai lokacin da ya dace, ko da za a ci shi. Mafi kyawun misalin da zan ba ka ya faru ne ranar 10 ga Fabrairu, 1996, a birnin Filadelfiya na Amurka, a wasan farko tsakanin Kasparov da kwamfutar kamfanin IBM mai suna Deep Blue. Kwamfutar ce ke da fari, Kasparov ya yi Sisiliya, ita kuwa ta amsa da c3 ɗin nan da nake gaya maka. Ya zaɓi d5, aka ci aka rama, a taku na 10 ta rage da maraya a d4. A taku na 12 dokinta ya fito c3 ya kori sarauniya, ya wuce b5 ya sake korar ta. A taku na 18 ta ba da giwa ta ci dokin f6, ya rama da dakaren g, gaban sarkinsa ya buɗe. Sai a taku na 23 ta tura marayan d5 ta bar shi aka ci. Da ƙura ta lafa, Kasparov ya fi ta da dakare ɗaya, amma dakarunsa sun watse: biyu a jere a layin b, biyu a jere a layin f, ɗaya shi kaɗai a d5, ɗaya shi kaɗai a h7. Taku uku bayan haka sarauniyarta ta ci na b6 ta maido da abinta, ya kai harin ƙarshe kan sarkinta bai isa ba, ya miƙa wuya bayan taku na 37. Shi ne karo na farko da kwamfuta ta doke zakaran duniya mai ci a wasa na cikakken lokacin gasa, ko da yake shi ya lashe karawar gaba ɗaya da 4 da 2.

Hanya ta biyu ita ce ya fito da doki f6. Ka tura e5 ka kore shi, ya zauna d5, ka tura d4, ya ci. A nan ba dole ba ne ka rama nan take, kana iya fito da doki f3 tukuna, domin in ya yi kwaɗayi ya ci c3, layin d ya buɗe, sarauniyarka ta ɗauke dokinsa na d5 a banza. Bayan ka rama da dakare, zai tura d6 ya ƙalubalanci e5, kai kuma ka fito da giwa c4 ka tayar da dokin zuwa b6. Amfanin dakaren e5 shi ne ya raba sarkin baƙi da dokin f6, babban mai gadinsa, amma kada ka rungume shi kamar gado. Idan matsin ya yi yawa ka yarda a yi musaya, sau da yawa ma marayan d4 ɗin nan za ka sake samu, kuma ka riga ka san aikinsa.

Sauran amsoshin ba sa buƙatar dogon bayani. Idan ya yi e6 sannan d5, kana iya tura e5 wasan ya koma wani buɗin dabam da ake kira Kariyar Faransa, ko ka ci a d5. Idan ya yi d6, wanda shi ne takun da hannun masu Najdorf ya saba da shi, ka samu abin da kake so, ka tura d4. Akwai ma wani ɗan tarko a nan da zan nuna maka don ka sani, ba don ka dogara da shi ba: ya fito da doki f6, ka ci c5, in ya ci e4 da dokin sai sarauniyarka ta tafi a4, ta kai wa sarki farmaki kuma tana kallon dokin ta kan layi na huɗu, dole ya kare sarki ka ɗauke doki. Wanda ya sani zai fito da ɗayan dokin c6 ne maimakon ya ci, wasa ya ci gaba kamar kullum.

Ba na so ka tashi daga nan da zaton c3 yana rusa Sisiliya. A hannun manyan gwanaye mai baƙi yakan daidaita wasan, shi ya sa yawancinsu suka fi son buɗe tsakiya da d4, ko su kai giwa b5 idan doki ya fito c6, kamar yadda Fabiano Caruana ya yi wa Carlsen a wasanninsa uku na farko da fari a 2018. Amma Evgeny Sveshnikov da kansa, wanda wancan tsarin na baƙi yake ɗauke da sunansa, idan yana da fari c3 ya fi yi wa masu Sisiliya shekara da shekaru, kuma wannan ya ishe ni hujja a kan cewa takun ba na matsorata ba ne. Bayan shekara ɗaya ko biyu, in ka iya riƙe maraya ka kuma iya kai hari da shi, za mu koma ga d4 mu bi rassan ɗaya bayan ɗaya, domin akwai darasin kai farmaki a cikinsu da ba za ka samu a wani wuri ba.

Kafin Asabar mai zuwa, ka buga wasan Deep Blue ɗin nan a kan allo da hannunka, ba a waya ba, ka tsaya bayan taku na 22 na baƙi. Ka rubuta mini a takarda abin da zai faru idan mai baƙi ya ci d5 da dakaren e maimakon hasumiya, da abin da zai faru da marayan idan mai fari bai tura shi ba ya tsaya gadi. Ka zo da takardar, zan ɗauki baƙi in yi maka d5, mu buga wasa uku daga taku na huɗu.