Amsa kan tarihin gundumar Henrico

Ɗan'uwa, ka ce kun koma Henrico a jihar Virginia ta Amurka kana neman inda za ka kai yara su ga tarihin wurin. To, kun faɗa tsohuwar gunduma. Tana cikin guda 8 da Turawan Ingila suka yanka a 1634. Sunanta daga Henricus ya fito, ƙauyen da wani jami'in Ingila, Thomas Dale, ya kafa a 1611 a bakin kogin James. Sai dai kufan ƙauyen yanzu yana gundumar Chesterfield da ke maƙwabtaka da ku. An sake gina shi da bukkoki da shingen itace, yara za su so shi.

Ni dai labarin Gabriel ya fi tsaya mini a rai. Maƙeri ne, bawa a gonar wani mai suna Prosser a Henrico, ya shirya wa bayi tawaye ranar 30 ga Agusta 1800. Ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya datse hanyoyi, wasu bayi biyu suka tona asiri, aka rataye shi da mutum 25. Sai 2007 gwamna Tim Kaine ya wanke sunansa. Idan za ka Henricus, ka je da safe, lokacin bazara zafin can ba wasa.