Starlet, Golf ko 205? Amsoshin tambayoyinku kan tada tsohuwar ƙaramar mota a gida

Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na lura tambayoyin da kuke turo min sun canza, da can kowa Camry da Accord yake tambaya, yanzu kuwa sai waiwaye ake yi wajen ƙananan motocin nan masu guntun baya da ƙofar but ɗinsu ke ɗagawa sama har da gilashi, waɗanda aka jingine a lungu shekara da shekaru kaji na kwana a ƙarƙashi. Ni kam abin ya min daɗi, ina son motocin nan tsakani da Allah, tawa Starlet ɗin ma a tsakar gidanmu na tada ta da hannuna, sama da shekara ina fama. Tambaya huɗu na zaɓo yau.

Ta farko daga wani malamin sakandare ce a Tudun Jukun da ke Zariya, ya ce: "Ina da fili a ƙofar gida kuma ina ɗan taɓa sifana. An nuna min mota uku, Starlet ta wajen 1988 injinta ya buga amma bodinta lafiya lau, da Golf 2 mai tashi da kik ɗaya an mata sabon fenti, sai Peugeot 205 da ta fi su araha. Wacce zan ɗauka?"

Malam, in har bodin nan lafiyar gaske ce, ɗauki Starlet ɗin ka bar sauran. Na san za ka ce ya zan bar mai tashi in ɗauki matacciya, to ai inji ana sayen sa, ka shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka ɗauko ɗan Beljiyam a ɗaura maka cikin kwana biyu, amma bodin da tsatsa ta cinye ba shagon da za ka je ka ce a ba ka sabo. Starlet ta 1988 tana cikin zubin da Toyota ta yi daga 1984 zuwa 1989, wanda aka fara mayar da jan motar zuwa tayoyin gaba, mafi yawansu injin 2E ne mai lita 1.3 da bawul 12 da kafireto, ko ƙaninsa 1E mai lita 1.0. Inji ne mara rigima, kuma saboda shekarun da motar ta yi tana tasi a arewa da wuya ka samu tsohon bakanike a Sabon Gari ko Tudun Wada da bai taɓa kwance shi ba.

Golf 2 mota ce mai kyau ba ƙarya, Jamus ta yi ta daga 1983 zuwa 1992, ta fi Starlet zama a titi da faɗin ciki. Sabon fentin nan ne bai kwanta min ba. Mutum zai sayar da mota mai shekara sama da 30 ya kashe kuɗi ya mata fenti, sai ka tambayi kanka me aka rufe. Ka nemi maganaɗisun tsohuwar sifika ka naɗe shi a ƙyalle ka bi jikin motar da shi, duk inda ya ƙi kamawa bodi fila ne aka cusa ba ƙarfe ba. Sannan Golf na wancan zamanin in robar gilashin gaba ta tsufa ruwan sama kan bi ya sauka kan akwatin fiyus, daga nan sai ka zama ɗan gida a wurin mai riwaya, kuma da yawansu kafireton Pierburg suke ɗauke da shi mai tarin bututun iska da cok na kansa, wanda in ya rikice ba kowa ke iya saita shi ba.

205 kuwa ni ina sonta, Faransa ta fito da ita a 1983, motar tana da daɗin sitiyari. Amma kar sunan Peugeot ya ruɗe ka don muna kusa da tsohon kamfanin haɗa Peugeot na Kakuri a Kaduna, 504 da 505 ne suka cika garuruwanmu, kayansu ne ke ko'ina, na 205 sai an tona. Ka tsaya a bayanta ka dubi tayoyin baya, in samansu ya karkata ciki to boris ɗin gatarin baya ya tafi, aiki ne mai cin kuɗi. Araha ba ta ado Malam.

Yanzu ga abin da za ka yi kafin ka ba da ko sisi. Ka je da rana tsaka, da tocila da sukudireba. Ka ɗaga kafet gaba da baya ka ga ƙarfen ƙasa da idonka, ka fito da safaya ka duba raminta, ka ɗaga batir ka ga farantin da yake zaune a kai don ruwan batir na cin wurin, ka buɗe bonet ka duba inda kan shokozoba yake ɗaure hagu da dama, sannan ka tsuguna ka danna sukudireba a ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi inda ake kafa jak. In ya lotsa ko ya ɓurma, ka yi musu sallama. Ka tambayi inda motar ta yi rayuwarta, wadda ta daɗe a Turai ta sha gishirin da ake watsawa a titi lokacin dusar ƙanƙara, wadda ta zauna a Legas iskar teku ta taɓa ta, wadda ta tsufa nan arewa cikin busasshiyar iska ita ce abin nema. Sai dai in tsohuwar tasi ce ka ƙara duba tsagewa a wajen ƙofofi da ƙasan kujeru, lodi ya gajiyar da ƙarfen. Ina nanata wannan ne don ya faru da ni, ranar da na kankare ƙasan tawa a gefen direba sai ga guntun kwanon rufi an shimfiɗa an shafe da fila da baƙin kwalta, wallahi raina ya ɓaci sosai, don na ɗauki iyalina a motar nan har Kaduna ban san a kan me muke zaune ba.

Kuma ka haɗa lambar shasi da ta inji da abin da ke cikin takardu, harafi da harafi, a rubuta yarjejeniya da shaidu. In ka canza inji ka riƙe rasit ka je a gyara takardun.

Ta biyu wata baiwar Allah ce daga Samaru: "Mahaifinmu ya rasu ya bar Starlet ɗinsa a gareji, shekara tara ba a tada ta ba. Yayyena sun ce a ba 'yan gwangwan, ni kuma a cikinta ya riƙa kai mu makaranta, ba na son a sare ta. Za ta tashi kuwa?"

Allah ya jiƙan Baba ya sa Aljanna ce makomarsa. 'Yar'uwa, kafin maganar inji akwai maganar gado, motar nan haƙƙin magada ce gaba ɗaya, a yi mata kuɗi a gaban manya, ki saya ko a sa ta cikin kasonki a rubuta, kar ki zuba kuɗinki ta dawo tana sheƙi sannan a ce ai ta kowa ce.

Batun tashi kuwa, motar da ta kwana a ƙarƙashin rufi shekara tara sau da yawa ta fi wadda ke yawo a titi lafiyar jiki. Abin da nake roƙonki shi ne kar ki bari wani ya zo da batir ya ce bari mu gwada kik mu ji. Nan ake kashe inji. Man da ke jikin silinda ya tsiyaye tuntuni, ringi na iya kamewa. A cire fulogi duka huɗun, a ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami a bar shi ya kwana biyu, sannan a sa sifana a kan notin fulin kiranshaf a juya da hannu a hankali. In ya zagaya sumul, alhamdulillahi. Sai a zubar da tsohon fetur a wanke tanki, don ya riga ya zama kamar danƙo zai toshe kafireto, a yi juye a sa sabuwar filta, a canza taimin bel ko da ya yi kyau a ido tunda roba ce ta bushe, haka bututan lagireto da na fetur. A haska wayoyi da kyau, ɓeraye na son yin gida a bayan dashbod. Man birki yana shan danshi, ko motar da ke aiki ana son a canza shi duk shekara biyu balle wannan, a zubar a duba robobin birki na ƙafa huɗun. Tayoyi kuma ki duba lamba huɗun da ke gefensu, misali 2314 na nufin sati na 23 a shekarar 2014, ko zanensu bai ci ba sun mutu, ki canza.

Ki samu dattijon bakanike ya riƙa zuwa gida ana yi a gabanki, kashi kashi, birki da sitiyari a fara gamawa. Duk abin da aka kwance a ɗauki hotonsa da waya kafin a taɓa, notuna a zuba a leda a rubuta sunan wurinsu. Motocin da na gani sun mutu a tsakar gida yawanci ba kuɗi ne ya ƙare ba, an wargaza komai ne rana ɗaya aka rasa ta inda za a fara mayarwa. Kuma dan Allah kar kowa ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai ko kan bulon siminti, bulo yana fashewa ba gargaɗi, a sayi ƙafafun ƙarfe na tokare mota.

Ta uku ɗalibi ne a ABU: "Ina da Starlet ta 1993, ina so in sa mata injin turbo, in sauke ta ƙasa, in sa rim 17 da salansa mai ƙara. Ta ina zan fara?"

Ƙanena, ka fara ta birki. Injin da kake magana shi ne 4E-FTE na Starlet samfurin GT Turbo da Glanza V, lita 1.3 ne amma yana ba da ƙarfin doki wajen 135, a motar da ba ta kai tan ɗaya ba, alhali birki da kulocin da ke jikin taka an yi su ne don abin da bai kai haka ba ko kusa. Kuma Japan aka yi wa motocin nan, sitiyarinsu a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu, to wayoyin sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. In ba a haɗo maka da birein bokis ɗinsa, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, da wayoyinsa da famfon mai da intakula mai sanyaya iskar turbo ba, ka sayi ciwon kai ne kawai. Turbon da ya haura shekara 25 kuma, ka sa yatsa ka girgiza fankarsa, in tana wasa hayaƙi zai yi ta yi.

Ni da kai ne, 5E-FE zan nema, mai lita 1.5 na Toyota Tercel da Paseo, dangi ɗaya ne da injinka don haka zamansa bai da wahala, yana ja tun daga ƙasa kuma ba zai cinye maka kuɗin makaranta a gidan mai ba. Rim 17 ka manta da shi, motar da 13 ta zo, 14 ko 15 ya isa, huji huɗu mai tazarar milimita 100, in ka wuce haka taya ta zama siririya ramin farko tsakanin Kwangila da PZ zai lanƙwasa maka rim. Kar ka yarda a yanke maka sifirin da abin yankan ƙarfe, yana iya zamewa daga mazauninsa kana cikin gudu, in dole sai ka sauke ta ka sayi wanda aka ƙera don haka tare da sabbin shokozoba, kaɗan kawai, ka tuna tudun rage gudun da ke unguwanninmu. Salansa mai ƙara ba ta ƙara maka komai sai baƙin jini wurin maƙwabta da asuba. Kuma duk wanda ya ce zai cire maka tamostat ya haɗa fanka kai tsaye wai don zafin Najeriya ka ce a'a, abin nan yana buɗewa ne a wajen digiri 82 don inji ya tsaya a zafin da ya dace, in babu shi inji na aiki a sanyaye ya yi ta shan mai. Ka wanke lagireto ka zuba kulant, ba ruwan rijiya ba.

Ta ƙarshe gajera ce, wani tela daga Muciya ya ce zai iya fesa fenti da kansa a gida?

Maigida, aikin da ke ƙarƙashin fenti ka yi da kanka, shi ne ma mai cin lokaci da kuɗin leburanci, kankare tsatsa har sai farin ƙarfe ya fito, a yanke ruɓaɓɓen a yi walda da sabon ƙarfe bayan an sauke tanki an cire kan batir, ka shafa firaima a ranar kar ƙarfe ya kwana tsirara, ka goge da sanfefa. Amma feshin ƙarshe ka kai wa masu ɗakin fenti. Fentin zamani mai hadna, wato sinadarin da ke sa shi ya daskare, gubarsa na shiga huhu, takunkumin ƙyalle ba ya tare ta, ga yara da mata a gida. Kar ka yarda a fesa a fili cikin ƙurar hunturu ko ranar da hadari ya haɗo, kuma ka bar ta a launinta na asali da ke cikin takardu, in ka matsa sai ka canza to ka fara zuwa ofishin lasin kafin ka sayi ko gwangwani ɗaya.