Katangar Ƙasa da Ruwan Damina

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk damina sai gindin ɗakina na ƙasa ya jiƙe ya zaizaye. Na yi masa filasta da siminti, ta ɓamɓare, kuma kuɗina ba zai kai ginin bulo ba. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Auyo, Jigawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. A yankinku na kogin Haɗeja, daga ƙasa ruwa yake cin gini. Siminti ba ya kama jikin ƙasa, sai ya kulle danshi a ciki har ya fashe. Makuba, wato yaɓen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, ta fi shi dacewa, a riƙa sabunta yaɓen kafin damina.

In za ka sake gini, kashe kuɗin a tushe. A haƙa har a tarar da ƙasa mai tauri, a jera bulo mai inci 9 sahu uku sama da doron ƙasa, a cike ramukansa da kankare. A shimfiɗa leda mai kauri a kai, sannan a ɗora tubali. Ledar nan da magina ke rainawa ita ke hana danshi hawa.

Kwano ya zarce bango da ƙafa 2. In soro ne, a tsawaita indararo, a yi magudana ruwan ya bar gindin ɗaki.