Baba ya kai shekara 76, anya zai jure tiyata?

Tambaya: Likita barka da aiki. Mahaifinmu ne shekararsa 76, yana fama da gwaiwa, a asibiti an ce sai an yi mai aiki amma yayyena maza sun ƙi, wai tsoho in aka yi mai allurar barci ba lallai ya farka ba. Yana shan maganin hawan jini. Dan Allah ya za mu yi? Daga wata 'yar uwa a Gwale.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Tsoron yayyenki yana da dalili, dan zuciyar tsoho da huhunsa da ƙodarsa ba kamar na saurayi ba ne, amma shekaru kaɗai ba sa hana tiyata. Abin da zan fara tambaya shi ne Baba yana zuwa masallaci da ƙafarsa? Yana iya hawa bene bai tsaya yana haki ba? Yana cin abinci, bai rame ba kwanan nan? In amsar eh ce, to ɗan 76 irin wannan ya fi kwantar min da hankali a kan ɗan 55 mai suga da ya bari ba kulawa.

Abin da ya fi damuna shi ne jiran da ake yi. Gwaiwa hanji ne ke leƙowa ta inda bangon ciki ya yi rauni, kuma ranar da ya maƙale jini ya daina isa gare shi zai iya ruɓewa cikin 'yan awanni, sai a kwaso Baba cikin dare zuwa asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano yana amai, ba a daidaita hawan jinin ba, ba a shirya komai ba, wannan aikin gaggawar shi ne mai haɗarin gaske ga tsofaffi. In kuka ga kumburin ya yi tauri, yana ciwo, ya ƙi komawa, kar ku jira gari ya waye.

Maganar allurar barci kuwa, sau da yawa aikin gwaiwa da allurar baya ake yi, ko a kashe wajen kawai, idonsa biyu.

Kafin ranar za a auna jininsa da suga da ƙoda, a yi gwajin zuciya. Ku tattaro duk magungunan da yake sha a leda ku nuna wa likita, har da na gargajiya da jiƙe-jiƙe, kar a ɓoye dan kunya. Masu tsinka jini irin su aspirin da warfarin likita ne kaɗai zai ce a tsaya ko a ci gaba. Abinci ana dainawa awa 6 kafin aiki, ruwa zalla yawanci har awa 2, kar ku bar tsoho da ƙishi tun daren jiya. In fitsari na mai gardama ku faɗa tun yanzu, dan yakan tsaya bayan aikin.

Bayan aiki wasu tsofaffin kan ruɗe, su yi ta sambatu musamman da dare, sai 'yan uwa su ce aljanu ne. Ku sanar da nas nan take, zai iya zama zazzaɓi ko ƙarancin ruwa ko magani. A sa wanda ya saba da shi ya yi jinyarsa, a ba shi gilashinsa, kuma da zarar an ba da izini a tayar da shi ya taka, dan kwanciya na jawo ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Ki taho da babban yayanku ranar ganin likitan barci ya yi tambayoyinsa da bakinsa.