Ga 'yar'uwar da ta ce ta fara nadamar aikin rage ƙiba

Salam 'yar'uwa, sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Wallahi tun da na karanta tambayarki a zauren nan namu na waɗanda aka yi wa aikin rage ƙiba na kasa wucewa, na ajiye wayar na sake ɗauka, don duk abin da kika lissafa babu wanda bai bi ta kaina ba. Kin ce sati bakwai kenan da yi miki silib, wato aikin da ake yanke mafi yawan tumbi, kullum cikin kuka kike ba ki ma san dalili ba, in kin ci nama sai ya tsaya miki a ƙirji ki amayar, sikeli ya tsaya cak, kuma da zarar 'yan gida sun zauna cin abinci sai ki tashi ki shige ɗaki, har kina tambayar ko akwai wadda ta taɓa yin nadama ko ke kaɗai ce mara godiya. Dan Allah ki cire wannan kalmar daga bakinki. Ba rashin godiya ba ne. Ni baifas aka yi min, wanda ake ware ɗan ƙaramin aljihu daga tumbi a haɗa shi kai tsaye da hanji, an ɗan kwana biyu yanzu, kuma a watannin farko babu daren da ban kwanta ina cewa wa ya aike ni ba.

Abin da ba wanda ya zaunar da ni ya gaya min kafin aikin shi ne, likita ciki yake yankawa, ba ya taɓa kai. Ke da aka yi wa silib an cire miki kusan kashi 80 cikin 100 na cikin, har da ɓangaren saman nan da ya fi samar da girelin, sinadarin da ke sa mutum jin yunwa, shi ya sa za ki iya wuni ba ki ji yunwar ciki ba. Amma ɗaya yunwar, wadda take tasowa in an ɓata miki rai, ko kin gaji, ko dare ya yi kowa ya yi barci ke idonki biyu, tana nan daram inda kika bar ta. A da in abu ya dame ni na san inda zan nufa, in zuba in ci in ji zuciyata ta sauka. Sai aka wayi gari damuwar na nan, abin lallashin kuma babu, cokali uku na ƙoshi. Yaye ne aka yi miki 'yar'uwa, irin na rana ɗaya, kuma wanda aka yaye dole ya yi kuka. Ƙari a kan haka jikinki yana warkar da babban aiki da ɗan abincin da bai taka kara ya karya ba, ga rashin barci, ga jinin al'ada ma yakan rikice wa wasu a lokacin, to ta yaya rai ba zai dagule ba?

Zancen tashi daga wurin cin abinci kuwa shi ya fi taɓa ni, bari in ba ki nawa labarin. Lokacin da za a yi min aiki mutum uku kawai suka sani, maigidana, mahaifiyata, sai yayar maigidan, ita ma don na ɗauke ta tamkar yayata ne, ita nake kai wa kukana in ƙafafuna sun kumbura ko suga ya hau. Na roƙe ta ta rufa min asiri ta ce haba ƙanwata, ai cikina da naki ɗaya ne. Ban cika wata uku ba aka yi wani zama na dangi a gidanta, na je da ɗan abincina a ƙaramin mazubi na zauna gefe, sai ji na yi ta ɗaga murya a gaban kowa tana cewa ku bar ta, ai ita yanzu ba ta cin abincin mutane, an ɗinke mata ciki, wasu na fama da motsa jiki ita ta je ta biya kuɗi an yanke mata. Aka yi dariya. Wata ta ce ashe shi ne sirrin, mu muna nan muna cewa ciwo kike. Na yi murmushi kawai, na ji kunnuwana sun yi zafi. Can sai ga ta da kofin wani abin sha mai sanyi ta miƙo min, na ce Yaya akwai suga? Ta ce babu ko ɗigo, don ke na haɗa daban. Na yarda da ita, na rantse miki na yarda, na kurɓa a hankali har na kusa rabi.

Ba a yi minti ashirin ba zuciyata ta fara bugawa da ƙarfi har ina jin ta a wuyana, gumi ya keto min ta ko'ina, cikina ya murɗa, ɗakin ya fara juya min. Da ƙyar na kai banɗaki na rufe ƙofa, ban ma iya tsayuwa ba, na zube a ƙasa na manna kumatuna da tayil saboda sanyinsa, hannuna na rawa na kasa ko danna lambar maigidana a waya. Ga gudawa ga tashin zuciya, ɗankwalina ya jiƙe sharkaf. Kuma ina kwance a nan ina jiyo muryarta ta bayan ƙofa tana cewa ai dama na ce muku yanga ce, ɗan suga ne fa na saka don in gani. Don ta gani! Mutum ya yi gwaji da jikin ɗan'uwansa don ya gani. Har yau in na tuna wannan maganar sai na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro. Ba ta taɓa ba ni haƙuri ba, da maigidan ya yi mata magana cewa ta yi ai wasa ne, ni ce ban san wasa ba. Muna gaisawa, ina zuwa in an yi rashin lafiya, amma ko ruwa ban ƙara karɓa daga hannunta ba, kuma ba na jin zan ƙara. Mutane suna cewa in yafe, na ce na ji, amma amana ce ta ci, ba abincin ne ya dame ni ba. Ni da na kwanta aka sa min wuƙa, na sha ruwa-ruwa sati da sati, wai ni ce na bi hanya mai sauƙi.

Wancan abin da ya same ni shi ne dampin ɗin da ake ta magana a nan, abu mai zaƙi ko mai maiƙo ya zarce cikin hanji da sauri, jiki ya janyo ruwa zuwa wurin. Na farko yana zuwa cikin minti 10 zuwa 30 bayan cin abinci, akwai kuma na baya da ke zuwa bayan awa 1 zuwa 3, shi kuma suga ne ke faɗuwa ƙasa, sai rawar jiki da jiri. Mu 'yan baifas ya fi kamawa amma 'yan silib ma ba su tsira ba, don haka duk abin da ba ki ga yadda aka haɗa shi ba ki ce na gode ki ajiye, ko ran wa zai ɓaci.

Amai ɗin nan naki shi ne nake so ki ɗauka da muhimmanci fiye da komai. In sau ɗaya ne jefi-jefi don kin yi sauri ko lomar ta yi girma, wannan kusan kowa ya yi. Amma in kullum ne, ko har ruwa ma ba ya zama, kar ki zauna jiran shawararmu, ki koma wurin likitanki gobe-goben nan. Wani lokaci wurin da aka yi aikin ne yake tsukewa, kuma suna da yadda suke dubawa su buɗa shi. Sannan yawan amai yana ƙarar da bitamin B1, jiki ba ya ajiye shi da yawa, cikin 'yan makonni yake ƙarewa, in ya ƙare kuma jijiyoyi da ƙwaƙwalwa yake taɓawa. In kin ji ƙafafunki na mutuwa ko kamar ana tsira miki allura, ko kina tangaɗi, ko ganinki na rabuwa biyu, ko kin fara ruɗewa, wannan na gaggawa ne ba na gobe ba.

Nama kuma ki ɗan ƙyale shi tukuna, musamman busasshe ko wanda aka sake ɗumamawa, ni na daɗe kafin cikina ya karɓi jan nama. Ƙwai mai laushi, kifi, yogot mara suga, kaza da aka dafa ta yi liɓis cikin romo, su suka riƙe ni. Loma ƙarama, ki tauna har ta zama ruwa a bakinki, ki ajiye cokalin tsakanin loma da loma, ɗan abincin nan ya ɗauke ki minti 20 zuwa 30. Da kin ji wani nauyi a ƙirji ko shaƙuwa ko hanci ya fara yoyo, ki tsaya, ƙoshi kenan, loma ɗaya a kai ita ce aman. Burodi da shinkafa da taliya su ma suna cunkushewa, ba yanzu ba. Furotin za ki fara ci kafin komai, giram 60 zuwa 80 a rana ake nema, na san da wuya a kai a wannan matakin, shi ya sa garin furotin ɗin nan da kowa ya tsana yake da amfani. Kuma kar ki haɗa ci da sha, ki bari sai bayan minti 30 da gama ci. Ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu, kurɓa-kurɓa duk wuni, ni da gorata nake yawo har ɗakin kwana. Rabin ciwon kai da kasalar da nake ji a lokacin ashe ƙishirwa ce. In ruwa zalla yana tayar miki da zuciya ki gwada mai ɗumi ko mai sanyi sosai, kowa da wanda cikinsa ke karɓa. Lemo mai gas kam a manta da shi.

Sikeli kuma dan Allah ki ba wani ya ɓoye miki. Tsayawar nan ba ke aka fara wa ba, da yawa tun sati na uku suke gamuwa da ita, jiki ne ke daidaita ruwansa, sai ki ga kilo bai motsa ba amma zobe ya fara juyawa a yatsa. Ki auna ƙugunki da tef sau ɗaya a wata ya fi miki kwanciyar hankali. Kuma ki daina duba hotunan wasu kina cewa wance ta sauke kaza a wata biyu, ba nauyi ɗaya kuka fara da shi ba, ba aiki ɗaya ba, ba shekaru ɗaya ba.

Bari in gaya miki tun yanzu kar ya zo miki ba shiri, wajen wata na uku zuwa na shida gashi zai fara zuba. Ni ranar da na ga abin da ya fito a matajina zama na yi a bakin gado na yi kuka mai isata, kuma ita dai yayar maigidan nan ce ta fara lura ta ce ashe har da gashin aka yanke. Kin ga na sake komawa kanta, ki yi haƙuri, abin ne bai bar raina ba. Gashin yana dawowa, nawa ya dawo. Ki dai riƙe furotin da bitamin ɗinki, B12, ayon wato sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, bitamin D, da kalsiyam, kuma kar ki sha kalsiyam da ayon lokaci ɗaya, ki raba su da kamar awa biyu don ɗaya yana hana ɗaya shiga jiki. Wannan shan na har abada ne, ba wai in kin ji sauƙi ki daina ba. Maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ki nisance su sai in likitan da ya san an yi miki aikin ne ya ce, suna jawo olsa. In kuma kina shekarun haihuwa ki kula, sauke ƙiba yana sa ciki ya shiga da sauri ko ga wadda ta daɗe tana nema, likitoci kuma suna so a jira wata 12 zuwa 18.

Kukan nan kuma, ni ban yarda a ce miki ki yi haƙuri kawai zai wuce ba. Ga da yawa yana wucewa in ci ya fara daidaita, amma in ya wuce sati biyu kullum ba sauƙi, ba kya jin daɗin komai, ba kya son tashi daga gado, ko tunanin gara ma ba kya raye ya fara zuwa miki, ki faɗa wa likita da bakinki a fili, ki ce a haɗa ki da mai duba ciwon damuwa. Ni sai da na zauna da irin wannan likitar na fara gane cewa tun ina yarinya da abinci nake rufe baƙin ciki, kuma ita ta ja min kunne cewa in aka toshe wannan ƙofar wasu sukan faɗa wani abin, sayayya ba kai ba gindi, ko shan wani abu, ko tsakurar kayan zaƙi duk wuni. In dama kina shan maganin damuwa kafin aikin ki sanar da su, yadda jiki ke karɓar magani yakan canja.

Kuma ki daina shigewa ɗaki in ana cin abinci, kaɗaicin nan yana ƙara miki ciwon. Ki samu ƙaramin faranti da ƙaramin cokali, ki zauna tare da su, kina tauna kina hira, za ku gama kusan lokaci ɗaya. Ki ja maigidanki gefe ki ce masa ba kya son kowa ya ce ƙara ko ɗan wannan kawai za ki ci, shi ya tare miki masu magana, ba sai kin yi wa kowa bayani ba. Wanda bai sani ba kuma ba dole ya sani ba, ki ce likita ne ya tsara min abinci, magana ta ƙare.

Ki rubuto mana aman sau nawa yake zuwa miki a rana, ruwa yana zama ko ba ya zama, kuma yaushe rabonki da gwajin jini. In kin fi son mu yi magana mu biyu ki turo min saƙo, ina yawan zama a farke da dare.