Hukuncin Musulmi ya ziyarci haikalin Dharmasthala, ya ci abincinsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne daga Kano, ina karatu a birnin Mangaluru na jihar Karnataka a ƙasar Indiya. Abokan karatuna sun gayyace ni zuwa Dharmasthala, wani ƙaramin gari mai haikalin 'yan Hindu wanda iyalin mabiya addinin Jain ke riƙe da shi. Sun ce tunda addini biyu sun haɗu a wurin ba faɗa, ni ma babu abin da zai hana ni shiga. Ana kuma ciyar da baƙi kyauta. Ya halatta in shiga, in ci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ƙara maka tsoronSa, ɗana, da ka tambaya tun kafin ka tafi.

Abin da abokanka suka faɗa game da wurin gaskiya ne. Dharmasthala yana bakin kogin Netravati, kimanin kilomita 75 daga inda kake. Abin bautar haikalin shi ne Shiva, wanda a can suke kira Manjunatha. Masu tsayawa kan hidimar bautar mabiya Vishnu ne, wani abin bautar 'yan Hindu daban, ragamar wurin kuwa tana hannun gidan Heggade, mabiya Jain, gado bayan gado tsawon ɗaruruwan shekaru. Veerendra Heggade ne ke kai tun 1968. A garin akwai ɗakin bautar Jain na Chandranatha, a kan tudu kuma mutum-mutumi mai tsayin ƙafa 39 na Bahubali, wanda mabiya Jain ke girmamawa.

Amma haɗuwarsu ba ta zama hujja a gare ka ba. Duk da saɓanin da ke tsakaninsu, har mabiya Jain ba su yarda da mahalicci ba, dukansu sun yarda a tsaya gaban gunki a girmama shi. Wannan ne ya sa ɗaki ɗaya ya ishe su, shi ne kuma abin da ka barranta daga gare shi da ka ce La'ilaha illallah. Allah Ya ce a Suratul Hajji, aya ta 30: ku nisanci ƙazanta ta gumaka.

Malamai sun yi saɓani kan shiga majami'un Yahudu da Nasara. Hanafiyya sun karhanta, Hanabila sun yi sauƙi, Imamu Malik ya ƙi a yi salla a ciki saboda najasa da hotuna. Bukhari ya kawo cewa Umar ɗan Khaɗɗabi ya ce wa Nasara ba ma shiga majami'unku saboda surorin da ke ciki. To wannan fa Ahlul Kitabi ke nan. Ka duba yadda shigar take a Dharmasthala: za ka cire takalmi, namiji ya tuɓe riga, ka bi dogon layi har ya kai ka gaban gunkin, mutane na haɗa tafukan hannu suna sunkuyawa, sannan a zuba maka ruwan tabarruki a tafin hannu, a ba ka kwaɓaɓɓen garin itacen sandal mai ƙamshi na shafawa a goshi. A wurinsu isa gaban gunkin da ɗora ido a kansa shi ne ibadar kanta. Saboda haka babu ɗan kallo a wannan layi. Shigarsa haramun ne a kanka, ko da zuciyarka tana ƙi.

Zuwa garin kansa kuwa babu laifi. Kana iya raka abokanka, ka ga kogi, ka shiga gidan tarihin Manjusha da wurin ajiye tsofaffin motoci, ka jira su a waje. Sai dai ka kauce wa ranakun bukukuwan bautarsu. Lokacin da wani ya yi bakance zai soke raƙumi a wani wuri da ake kira Buwana, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, bai ba shi izini ba sai da ya tambaya ko akwai gunkin da ake bauta wa a wurin, ko ana wani idi na jahiliyya. Abu Dawud ne ya ruwaito.

Maganar abinci tana buƙatar a rarrabe. Girkin mushriki ba najasa ba ne. Ya tabbata a hadisin Imrana ɗan Husaini cewa Annabi da sahabbansa sun yi amfani da ruwan salkar wata mushrika. Abin da aka hana shi ne yankansu, kuma a wurin ciyarwar haikalin ba a dafa nama, shinkafa ce da miyar ganye da wake. Idan abokinka Bahindu ko ɗan Jain ya kira ka gidansa ya ba ka irin wannan, ka ci, ka gode. Amma alawa ko kwakwa ko ayabar da aka ajiye gaban gunki, aka dawo da ita a matsayin albarkarsa, kada ka karɓa. Ko da wasu malamai sun taƙaita ayar abin da aka ambaci sunan wanin Allah a kansa ga yanka kaɗai, miƙa hannunka a nan yarda ce da cewa gunkin yana da albarkar da zai bayar.

Abincin babban zauren Annapoorna, inda dubban mutane ke ci kullum, yana tsakanin biyun nan. Sadaka ce ga kowane baƙo, ba a tambayar addininsa, amma su da kansu suna ɗaukarsa abincin albarkar haikalin. Ba zan ce haramun ne ba, sai dai na fi so ka bar shi tunda ba ka cikin lalura, akwai gidajen sayar da abinci a garin.

Ka faɗa wa abokanka uzurinka da lafazi mai daɗi: addinina bai ba ni damar tsayawa gaban abin bauta ba, zan jira ku a waje. Su ma mutane ne masu ƙa'idar ci da sha, ɗan Jain mai riƙo ko albasa da tafarnuwa ba ya ci, ba zai yi mamakin naka ba. Kada ka zagi abin da suke bauta wa, Suratul An'am aya ta 108 ta hana. Ka ci gaba da kyautata musu kamar yadda Suratul Mumtahana aya ta 8 ta ba da dama: ka duba marar lafiyarsu, ka taimake su a karatu, ka riƙe musu amana.

Wallahu a'alam.